Sake-Duba da Tagar da Ba Ta Amsawa

A danginmu an daɗe da manta sunansa na yanka. Sake-Duba ake ce masa, kuma da guminsa ya samu sunan. Idan ya kulle shago sai ya girgiza kwaɗon, ya yi 'yan taku, ya dawo ya sake girgiza shi. Akwai kwaɗon da ya mutu a hannunsa ba tare da ɓarawo ya taɓa kusantarsa ba. Idan ya gaishe ka ba ka amsa da ƙarfi ba zai sake gaishe ka, sannan ya juya ya tambayi na kusa da kai ko lafiyarka ƙalau. Ranar da Malama, matarsa, ta ce ta yarda za ta aure shi, sai da ya kai bakin titi ya juyo ya tambaye ta ko da shi take.

Ba mugunta ba ce, ba kuma raini ba. Shi dai zuciyarsa ba ta kwanciya sai an amsa masa.

Mai hoto ne. Shagonsa ɗan tsukuku ne tsakanin kantin magani da mai gyaran waya, in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya riƙe numfashi. Akwai shuɗin ƙyalle a bango, da kujera mai gajeriyar ƙafa ɗaya da aka tokare da kwali, da furen roba wanda ya girmi yawancin masu zuwa ɗaukar hoto. A kan tebur firinta ce da sikana da kwamfuta. Aikinsa mafi yawa hoton fasfo ne, kuma duk unguwar an san ba a fita daga shagon da karkatacciyar wuya. Zai gyara maka kwala, ya ɗauka, ya duba, ya sake gyara kwalar, ya sake ɗauka, har murmushinka ya bushe a fuska. Mutane suna mita, amma wurinsa suke dawowa.

Aibinsa ɗaya, ba ya goge komai. Wanda ya ƙifta ido, wanda ya yi atishawa, jaririn da ya juya ƙeya, duk suna nan cikin kwamfutar shekara da shekaru, wai ko wata rana mai shi zai dawo nema. Takardun gwaji ma da firinta ta ɓata ba ya iya zubarwa, sai ya tara su a kwali ƙarƙashin tebur. Malama ce take kwashe su in ta biyo daga makarantar da take koyarwa, shi kuma ba ya tambayar inda take kai su don kada ya ji abin da zai hana shi barci. Kwamfutar ta cika har wuya. In ya kunna ta da safe zai yi shara, ya sha shayi, ya gaisa da maƙwabta sau biyu-biyu, ya dawo ya tarar tana miƙa.

Cikin wannan tarin akwai hoto guda da ya fi shagon gaba ɗaya daraja. Baba, mahaifinsa, direban bas ne, bai son kyamara ko kaɗan, sau ɗaya tak aka taɓa cin nasarar zaunar da shi. Hoton baƙi da fari ne, suna sabon aure. Baba yana zaune ya haɗe rai kamar an kama shi da laifi, Inna tana tsaye a gefensa, siririya, ta ɗora hannu a kafaɗarsa. Abin da marigayin yake so a duniya sukari ne. Likita ya hana, Inna ta ɓoye gwangwanin a bayan buhuna, cikin akwati, har cikin injin ɗinki, amma duk inda ta kai shi sai ta tarar ya ragu. Bayan rasuwarsa rufin ɗakin Inna ya yi yoyo wata damina, ruwa ya bi bango ya shiga bayan gilashin, hoton ya narke ya manne. Allah ya sa kafin nan Sake-Duba ya ɗauke shi da sikana. Ya ce mata, "Inna, kada ki damu, Baba yana cikin kwamfuta." Ta ce to ya kula da shi, ba ya son zafi.

Lokacin idon Inna ya riga ya yi yana, mutum ma sai ta murya take gane shi, don haka ba ta matsa a wanko mata ba. Ya gwada sau ɗaya a babbar takarda, firinta ta ja wani farin layi ta tsakiyar hular Baba, ya ajiye maganar sai ya sami natsuwa. Natsuwar ba ta zo ba sai ga likita ya sa ranar aikin idon. Da za a tafi asibiti Inna ta riƙo hannun rigarsa.

"In an kwance mini tsumman nan ba ku nake son fara gani ba. Ku na san muninku. Hoton nan za ka kawo mini, babba, wanda zan gani ba sai na matso ba."

"An gama, Inna."

"Na ji."

"Na ce an gama."

"Na ce na ji, Sake-Duba. Ido ne ya lalace, ba kunne ba."

Washegari ya buɗe hoton zai gyara, kwamfuta ta ce babu wuri. Ya sake dannawa, ta sake faɗa. Wannan kam yana jin daɗin hulɗa da ita, ko ba komai tana amsawa. Ya kira ƙanwar matarsa, wadda duk gida ake ce wa Injiniya saboda aikin kwamfuta take yi a wani kamfani. Ta zo da tsakar rana a hutun cin abinci, waya maƙale a kunne. Ta leƙa babbar foldar da ya tara komai a ciki, ta dafe kai.

"Yaya, wannan ai ba kwamfuta ba ce, gidan tarihi ne. Mu goge rabi."

"Ba a goge mutane."

"To mu rage musu ƙiba."

Ta buɗe wata baƙar taga wadda bai taɓa sanin tana cikin kwamfutarsa ba. Babu hoto a cikinta, babu launi, sai wani ɗan farin tsinke yana ƙifce-ƙifce. Ta buga layi guda na rubutu, ta fassara masa: wannan umarni ne, yana cewa a bi babbar foldar nan da duk 'ya'yanta da jikokinta, duk hoton da aka samu a rage girmansa rabi, a mayar da shi gurbinsa. Aikin da zai ɗauke shi har tsufa yana yi ɗaya bayan ɗaya, tagar za ta gama kafin shayi ya huce. Rabi ba zai cutar da kowa ba, hotunan sun yi girman da ko an raba su za su wanku lafiya.

"Amma ka ji, Yaya. Sabon yana hawa kan tsohon ne, ba a dawo da shi. Duk abin da kake ji da shi ka kwafe ka ajiye wani wuri tukuna. Sai ka danna wannan babban madannin. In ta ƙi, ka danna kibiyar sama, layin zai dawo, ka sake."

Wayarta ta yi ƙara, maigidanta na ofis yana nema, ta suri jaka ta fita. Ya bi ta har ƙofa yana tambaya ko wannan madannin ne, ta ɗaga masa hannu daga cikin mota.

Maganar kwafi bai yi wasa da ita ba, a nan kam a ba shi haƙƙinsa. Ya buɗe sabuwar folda ya sa Baba a ciki. Hankalinsa bai kwanta ba, ya buɗe wata a cikin waccan ya sake sa shi. Ya ƙara wata a can ƙurya ya sa mata suna mai ban tsoro don kada kowa ya taɓa. Duka kuwa a cikin babbar foldar ya gina su, domin a nan yake ajiye duk abin da yake ƙauna, bai san wani wuri ba.

Ya yi bisimilla ya danna.

Fankar kwamfutar ta ɗauki kuka kamar bas a kan tudu. Can ta yi shiru. Ɗan tsinken ya sauko layi na gaba ya ci gaba da ƙifce-ƙifce. Babu "an gama", babu "sannu da aiki", ko ɗan koren maki babu. Sake-Duba ya jira. Ya matso da fuska. Ya buɗe foldar ya duba, ga 'yan ƙananan hotunan nan jere yadda ya saba ganinsu, ko gashin gira bai canja ba, domin su dama can a ƙanana ake nuna su. Ya ce lallai ta ƙi. Kibiyar sama, babban madanni.

Wannan karon ta fi saurin gamawa, abin da ya ƙara tabbatar masa ba ta yin komai. Wata mata ta shigo da 'yarta hoton makaranta, ya ɗauka, ya gyara kwala, ya sake ɗauka, suna fita ya leƙa tagar. Shiru. Ya sake dannawa. Mai kantin magani ya leƙo aron almakashi, ya ba shi, ya dawo ya danna. Yadda yake yi wa kwaɗo haka ya yi wa tagar nan har rana ta karkata, ita kuwa baiwar Allah duk lokacin da aka aike ta sai ta je, ta raba kowa biyu, ta dawo ta tsaya ba ta ce uffan ba.

Abin da ya fara ba shi mamaki shi ne kwamfutar ta koma yarinya. Kafin ya taɓa abu ya buɗe. Ya duba wurin ajiya ya ga fili fetal kamar ɗakin da aka tashi. Ya yi murmushi, ya ce ashe daga ƙarshe ta ji magana. Sannan ya buɗe hoton Baba.

A tsakiyar allon akwai wani ɗigo da bai kai farcen jariri ba. Ya ƙara girmansa, ya ƙara, sai ga murabba'ai masu toka-toka kamar daɓen banɗaki. Wani duhu a ƙasa, watakila Baba ne. Wani haske a gefe, watakila Inna. Ya buɗe folda ta biyu, haka. Ya buɗe ta ƙurya mai suna mai ban tsoro, tagar ba ta ji tsoron sunan ba.

Ya kira Injiniya a waya.

"Sau nawa ka danna?"

"Ai ba ta amsa ba."

"Yaya, sau nawa?"

"Ban ƙirga ba. Ke kika ce in ta ƙi in sake."

Kafin ta amsa ya ƙara da cewa, "Kina ji na?" Sannan ta ce a hankali, "Ita wannan tagar in ta yi shiru, aiki ya yi kyau ke nan. In ta yi magana ne ake tsoro. Ni ya kamata in gaya maka, na san halinka."

"Wane irin ɗan aike ne za a aika ya dawo bai ce komai ba?"

Ta zo bayan an tashi daga aiki. Ta duba kwandon sharar kwamfutar, ta sa wasu manhajojin tono, ta yi duk abin da ta sani. Abin da aka hau kansa sau ba adadi ba ya tonuwa. Hotunan mutanen unguwa ba su dame shi sosai ba, kowa ya karɓi nasa tuntuni, masu atishawa kuma ba wanda zai yi kukan rashinsu. Baba ne.

Daga nan ya wuce asibiti. An yi aikin lafiya, Inna tana kwance da farin bandeji, da safe za a kwance.

"Waye nan yake numfashi kamar ya hau bene?"

"Ni ne, Inna. Ya jiki?"

"Da sauƙi. Hoton fa?"

"Ana kai."

Ta juyo da kai wajen muryarsa. Tun da ta haife shi ba ta taɓa jin ya faɗi magana sau ɗaya ya yi shiru ba. Sai kawai ta ce ya gyara mata filo.

A gida ya tarar da Malama a kicin. Ya kifa bokiti ya zauna a kai, ya ba ta labari tun daga baƙar taga har ɗigo. Ta saurara tana yanka albasa. Da ya zo inda yake cewa da ma ya haƙura da wancan na gwajin mai layi a hula, sai wuƙar ta tsaya.

"Ka taɓa wanke shi?"

"Sau ɗaya. Ya ɓaci."

"A babbar takarda mai sheƙi?"

"Ita."

Malama ta ajiye wuƙa, ta goge hannu, ta buɗe kabad. Ashe nan takardun kwalinsa suke ƙarewa. Tana kifa su ne, farin bayan yana sama, ta yanke daidai faɗin kantar kabad ɗin, ta shimfiɗa, ta jera kayan miya a kai, kuma ba ta taɓa juya ɗaya ta ga waye a ciki ba. Suka shiga sauke kwalabe da gwangwanaye. Ƙarƙashin gishiri wani ɗan sanda ne ido a rufe. Ƙarƙashin man gyaɗa wata amarya tana hamma. Rabin unguwa ya fito daga kabad ɗin nan, kowa da tabon abin da ya ɗauka a baya. A kanta ta sama, can ƙurya inda Malama take ɓoye sukari saboda yara, ta ɗaga gwangwanin, ta zaro takardar, ta juya.

Baba ne, ya haɗe rai, da farin layi a hula.

Sake-Duba ya karɓa da hannu biyu. Ya duba, ya rufe ido, ya sake dubawa, wannan karon ba wanda ya yi masa dariya. Fuskar lafiya lau, sai ɗan zoben tsatsa da ya ratso daga baya. Amma kantar sama siririya ce, almakashin Malama kuwa ba ya karkata. Ta yanke takardar tiryan-tiryan daga sama har ƙasa, daidai gefen kafaɗar Baba. Inna ta tafi gaba ɗaya. Abin da ya rage nata hannu ne kawai, daga wuyan hannu zuwa yatsu, kwance a kafaɗar mijinta.

Malama ta zauna a ƙasa.

"Ɗaya rabin fa?"

"Ya bi shara tuntuni." Ta riƙe kai. "Yau ni na yanke surukata da almakashi. Duk garin nan wa zai yarda ban gani ba?"

Da sassafe ya buɗe shago, ya sa takardar a sikana, ya zauna ya cike layin hula ɗigo-ɗigo, ya share tsatsar. Ya kai kibiyar kwamfuta kan hannun ya tsaya. Share shi ba wuya, sai a ce hoton Baba ne shi kaɗai, wanda idonsa bai gani ba shekaru yana iya mantawa. Ya san Inna ba ta mantuwa, ya kuma san ko ta manta shi ba zai iya kallonta ba. Ya bar hannun. Ya wanke babba, ya sa a firam, ya naɗe a zanin Malama.

Da nas ta kwance bandejin, Inna ta yi ta ƙifta ido, hawaye yana zuba saboda haske. Ta ƙi kallon kowa, ta miƙa hannu. Ya zare zanin ya tsayar da firam ɗin a ƙarshen gado. Ta daɗe tana kallo.

"Ga shi nan kuwa. Ko a hoto ba zai saki fuska ba." Sai ta karkata kai. "Ni ina nake?"

Ya gaya mata duka, bai rage ko rabi ba. Ya ce shi ya danna, ya sake dannawa, har ya mayar da su ɗigo. Malama ta durƙusa a gefen gado, kai a ƙasa, ta ce ita ta yanke, wallahi a kife yake.

"A ina kuka same shi?"

Suka dubi juna. Malama ta ce da ƙaramar murya, "A kabad, Inna. Ƙarƙashin gwangwanin sukari."

Inna ta fara dariya, tun tana dannewa har gadon ya ɗauki girgiza, nas ta dawo da sauri tana cewa a yi hankali da idon.

"Yana raye na ɓoye masa, ya mutu ma sai da ya gano inda yake. Tashi, 'yata, ba ke kika kai shi ba, da ƙafarsa ya je."

Da dariyar ta lafa ta ce a matso da shi. Ta dubi hannun nan na kafaɗa, sumul, da siririn awarwaro guda. Ta ɗaga nata na yanzu ta ajiye kusa da gilashin, ta kalli wannan ta kalli wancan.

"Na so jikokina su ga ni ma na taɓa yin kyau," ta ce. "To, shi ke nan. Kai ka ƙura wa hoton ido fiye da kowa, sai ka riƙa gaya musu. Kada ka rage."

"Ba zan rage ba, Inna." Ya dubi firam ɗin. "Amma ya yi?"

"Ya yi."

"Kin tabbata ya—"

"Ya yi, ya yi, ya yi. Ga guda uku, ka riƙe sauran na gobe."

Hoton yana bangon ɗakinta yanzu, nesa da inda rufi yake yoyo. Jikoki in sun tambayi hannun waye, Sake-Duba yakan zaunar da su ya zana musu sauran, kuma kowace shekara Inna tana ƙara tsawo da kyau a bakinsa, ita kuwa ba ta taɓa gyara masa ba. Baba yana cikin filashi a jakar Injiniya, yana cikin wani a akwatin Malama, babu ɗaya a babbar foldar. Baƙar tagar ma sun shirya, duk ƙarshen wata yana buɗe ta ya rage wa sababbin hotuna nauyi, ya sa ta zuba su a wata folda dabam. In ka shigo shagon ka same shi zaune a kan tafin hannayensa biyu, yana zufa, yana hararar ɗan tsinken nan mai ƙifce-ƙifce, to ya danna sau ɗaya ke nan. Ka gaishe shi, in ya amsa ya tambaye ka lafiya, ka taimaka ka amsa da ƙarfi.